KoboToolbox a filin bincike na Sakkwato: yana gyara ƙidaya, amma ba ya rage zafin rana

Ɗaliban digiri na biyu da na uku a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da matasan da ƙungiyoyin raya karkara ke ɗauka aikin tattara bayanai, yawancinsu yanzu ba sa ɗaure damin takardun tambayoyi a bayan babur. Waya suke riƙewa, kuma abin da ke cikin wayar sau da yawa KoboToolbox ne. Phuong Pham da Patrick Vinck ne suka assasa shi a 2005, ya daɗe a ƙarƙashin cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Habad a Amurka, yanzu kuma wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba ce ke riƙe da shi. Kashi biyu ne: shafin intanet inda ake gina fom a kuma karɓi amsoshi, da manhajar KoboCollect ta wayar Android wadda aka gina bisa wata manhajar tattara bayanai mai suna ODK Collect.

Hukuncin dai a faɗe shi tun yanzu: a yi amfani da shi. Ga mai binciken da ya haɗa fannoni, wato ruwa da ƙasa da tattalin arziki da zamantakewa a cikin aiki guda, da wuya a sami abin kyauta da ya fi shi sauƙin farawa. Amma kayan aiki ne da ke kula da ingancin lambobi kaɗai. Ba ruwansa da ko mutanen ƙauyen sun amfana, ba ruwansa da ko wanda ke riƙe da wayar ya kusa faɗuwa saboda rana. A wasu wuraren ma sauƙinsa ne ke jawo ɓarna a waɗannan biyun.

Inda ya cancanci yabo

Na farko, yana aiki ba tare da sabis ba. Ana sauke fom a cikin gari, a tafi ƙauye a cike, a dawo a tura. Wanda ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Google Forms ba ya iya wannan, don haka bai ma shiga gasar ba.

Na biyu, yana hana shirme shiga tun daga bakin gona. Ana iya gina fom a shafinsu ta danne-danne, amma wanda ke son aiki mai tsabta gara ya koyi XLSForm, wato rubuta fom ɗin a Excel. Shafuka uku ne: na tambayoyi, na zaɓuɓɓuka, da na saituna. A ginshiƙin da ake kira “constraint” ana kafa iyaka: shekarun magidanci kada su gaza 18 ko su wuce 100, zurfin rijiya kada ya zama sifili. A ginshiƙin “relevant” ana ɓoye tambayar da ba ta shafi mutum ba, wanda bai yi noman rani ba ba za a tambaye shi kuɗin man injin ban-ruwa ba. Sunayen wurare kuma a jera su a sarƙe: zaɓen ƙaramar hukuma ya fito da mazaɓunta kaɗai, mazaɓa ta fito da ƙauyukanta. In aka bar mutum shida su rubuta sunan ƙauye da hannu, za a tarar da Kwalkwalawa a rubuce iri huɗu, a kwana biyu ana haɗa su.

Na uku, harshe. Fom ɗaya na ɗaukar Hausa da Turanci da Fulfulde, a sauya a tsakiyar hira ba tare da amsoshin sun ɓace ba. Haruffa masu lanƙwasa suna fitowa daidai a rubutun tambaya. Kada dai a sa su a gajeren sunan da kwamfuta ke gane tambayar da shi: a rubuta “kasa_gona”, ba “ƙasar gona” ba. Sannan in an fitar da bayanai a tsarin CSV aka buɗe kai tsaye a Excel, ɗ da ƙ da ɓ kan rikiɗe su zama wasu alamomi. A fitar a tsarin Excel ɗin kansa ya fi kwanciyar hankali.

Manhaja dai ba ta fassara fom da kanta, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Fom ɗin da aka fassara da Hausar Kano a ofis yakan yi karo da kunnen Basakkwace. A nan “ɗiya” na iya nufin 'ya'ya gaba ɗaya, ba mace kaɗai ba. Kalmar “gida” kuwa ita ce babbar rijiya: gidan gandu mai magidanta biyar gida ɗaya ne ko biyar? In ba a rubuta a ƙasan tambayar cewa ana nufin waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya ba, kowane mai tambaya zai yi nasa ijtihadin, matsakaicin yawan iyali ya fito abin da ba a iya karewa a gaban malaman jarrabawa. Haka awo. Manomi ba ya lissafin gero da kilo, da dami yake yi; albasa da buhu, shinkafa da buhu ko kwano. A bar shi ya amsa da ma'auninsa, fom ya tambayi wane ma'auni ne, sannan a ɗauki sikeli a auna dami goma da buhu goma a kowane yanki a fitar da abin juyawa. Damin Gada ba lallai ya zo daidai da na Wurno ba.

Tarkon fom mai tsawo

Ga inda aikin haɗin fannoni ke ciwo. A ɗauki tambaya irin ta kwarin Rima: yaya sakin ruwa daga madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 942, ke canza abin da manoman fadama na ƙasa da ita ke shukawa? Wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a ya san tambayar ba ta ilimi kaɗai ba ce. Masanin ruwa zai so zurfin rijiyoyi. Masanin ƙasa zai so samfur daga kowace gona. Masanin tattalin arziki zai so kuɗin taki da iri da kwadago da farashin kasuwa. Masanin zamantakewa zai so gado da aro da jingina da rikicin burtali. A zamanin takarda, kuɗin gurzawa ke taka wa kowa birki. A Kobo ƙara tambaya layi ɗaya ne a Excel, ba a biyan ko kwabo, sai kowa ya ce “a sa min guda biyar kawai”. Kafin a farga fom ya kai tambaya 200.

A yi lissafi. Ƙa'idar da aka saba, ta amincin kashi 95 cikin ɗari da kuskuren kashi 5, tana ba da mutum 384. Da yake ƙauye-ƙauye ake zaɓa ba mutum-mutum ba, a ninka biyu: 768. A ƙara kashi 10 don waɗanda ba za a samu ba, ya kama wajen 850. In hira na cin minti 45, mai tambaya ɗaya zai yi biyar a yini cikin natsuwa. Mutum shida za su yi 30, aiki ya ƙare cikin kwana 29. In hirar ta kai minti 90, uku ne a yini, 18 ga tawagar, kwana 48. Kuɗin alawus da na mota na kwana 48 ba ya cikin kasafin yawancin ɗalibai. Abin da ke faruwa shi ne a bar kwanakin a 29 a matsa wa yara su ci gaba da kawo biyar. Daga nan sai gaggawa, sai tsallake, sai cike fom a gindin bishiyar dogon yaro ba tare da an ga manomi ba. Shi ma manomin da aka tsare awa ɗaya da rabi a lokacin ban-ruwa, daga tsakiya “e, haka ne” zai riƙa cewa don a sallame shi. Fom ɗin da aka tsawaita da sunan zurfafa bincike shi ne ke ɓata binciken.

Maganin ba a cikin manhaja yake ba, a zaman farko na tawagar yake. Kowace tambaya sai mai ita ya nuna teburin da za ta shiga a rahoton ƙarshe. Wadda ba ta da tebur ta fita. A raba fom uku gajeru maimakon ɗaya: na magidanci, na gona, na rijiya. A haɗa su da lamba guda. Kobo na karanta lambar QR da kyamara, don haka a buga lambobi a takarda mai mannewa, a manna ɗaya a ledar samfurin ƙasa, a karanta irinta a fom ɗin gona da na magidanci. Samfurin da aka ɗebo daga zurfin santimita 0 zuwa 20 a wurare da dama na gonar aka cakuɗa, aka ɗauki kamar rabin kilo, ba shi da amfani in ya isa ɗakin gwaji ba a san na gonar wa ba ne. Alƙalamin maka yana gogewa a leda cikin zafi da ƙura. Sannan a gwada fom a gida 20 zuwa 30 a wani ƙauyen da ba ya cikin samfur, da agogo a hannu.

Wani abin lura kan auna gona. Akwai tambayar da ake zagaya gona da waya ta zana iyakarta, fom ya lissafa faɗin da murabba'in mita, a raba da 10,000 a sami hekta. Ga gonar tudu mai hekta biyu, madalla. Ga fegin albasa mai mita 20 sau 20 a fadama, kuskuren mita 5 na GPS ɗin waya zai iya cinye kaso mai yawa na faɗin. A nan tef ɗin awo ya fi wayar gaskiya.

Ƙananan abubuwan da ke lalata aiki

Canza gajeren sunan tambaya bayan an fara aiki yana raba amsoshinta gida biyu a teburin ƙarshe. In dole a gyara, a gyara rubutun da ake karantawa, a bar sunan. In an sabunta fom, sai kowace waya ta sauke sabon, in ba haka ba rabin tawaga na kan tsohon. Fom ɗin da aka ajiye ba a kammala ba, ba ya tafiya ko da akwai sabis. Wanda ya goge manhajar don ya sami wurin ajiye bidiyo ya tafi da duk abin da bai tura ba, kuma babu mai dawo da shi. A sa kalmar sirri ta shugaban tawaga a saitunan manhajar, a saita wayoyin duka da lambar QR ɗaya, a duba kwanan wata da agogon kowace waya kafin a fita.

Hotuna ne ke cinye ma'aji. A tsarin da suka fito da shi a 2023, masu amfani kyauta na da amsa 5,000 a wata da gigabait 1 na ajiya. Amsa 5,000 ta ishi kowane ɗalibi. Amma hoto biyu masu megabait 3 a gida 850 sun haura gigabait 5. A rubuta “max-pixels=1024” a layin tambayar hoton, girmansa ya faɗi warwas, kuɗin data ma ya ragu.

Ɓangaren nazarinsa kuwa ba a bakin komai yake ba: ƙidaya, zane-zanen sanduna, taswira. Ya isa a ga ko aiki na tafiya. Nazarin gaske sai an kwashe zuwa manhajojin nazarin ƙididdiga irin su R ko Stata ko SPSS. Hirar baka da aka naɗa kuma, awa ɗaya tana cin awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa, kuma sai kunnen da ya saba da “munka” da “sunka”. A sa wannan a kasafi.

Agogon da ke iya zama bulala

Kobo na rubuta lokacin da aka buɗe fom da lokacin da aka rufe shi, kuma in an kunna bin sawu yana nuna daƙiƙun da aka yi a kan kowace tambaya. Ana ma iya naɗar muryar hirar a bayan fage. Don gano ƙirƙirarrun amsoshi, wannan alheri ne: hirar minti 45 da aka gama a minti 9 abin tambaya ce. Sai dai a sani lokacin rufewa na komawa ne ga ajiyar ƙarshe, don haka fom ɗin da aka buɗe da safe aka duba da dare zai nuna awa goma. Kada a yanke wa kowa hukunci da wannan lamba ita kaɗai. A koma wa gida ɗaya cikin goma da tambayoyi biyar ko shida waɗanda amsarsu ba ta canzawa, kamar yawan ɗakuna ko irin rufin gida, a kwatanta. Naɗar murya kuma ba a yin ta sai mai tambaya da mai amsa duk sun sani sun yarda.

Abin da bai dace ba shi ne mai bincike ya zauna ƙarƙashin fanka yana kallon allon kwamfuta yana aika saƙo: “Wane, yau uku kawai na gani.” A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40. Yawancin wayoyi an ƙera su ne su yi aiki ƙasa da digiri 35, shi ya sa allo ke dushewa, batir ke zuba, wani lokaci wayar ta kashe kanta. Wayar kenan, balle ɗan Adam. Tsarin da ke aiki: a fara ƙarfe 7 na safe a tsaya 11 da rabi, a koma bayan la'asar. Ruwa kofi ɗaya kowane minti 15 zuwa 20 ga mai tafiya cikin rana, da gishirin ORS a jakar shugaban tawaga. Kowace waya da ma'ajin caji mai ƙarfin mAh 10,000 zuwa sama, kada a bar su a gaban gilashin mota. A cire Juma'a da ranar kasuwar garin daga jadawali, dama ba za a sami kowa ba. In aikin ya faɗa cikin azumi, a raba adadin yini biyu, ko a ɗage. Biya kuma ya zama na yini, ba na kowane fom ba. Biyan kowane fom gayyatar ƙarya ce da hannu biyu.

A ɗauki mata cikin tawaga, ba don ado ba. A gidajen da ake kulle, namiji ba ya wuce zaure, kuma tambayar itacen girki da ɗiban ruwa da kiwon jajayen awaki a wurin mata amsarta take. Fom ɗin da maza kaɗai suka cike game da makamashin girki rabin labari ne.

Shi ma mai binciken ya sa wa kansa iyaka. Da yake amsoshi na shigowa kowane lokaci, mutum kan tsinci kansa ƙarfe 1 na dare yana duba su, ga darasi da safe, ga rubutun ɗalibai, ga takardun ƙarin girma. A ware awa ɗaya bayan isha'i: a duba na yinin, a yi wa kowace amsa alamar an karɓa, an dakatar, ko an ƙi, a tura gyara sau ɗaya, a rufe. Kuma tun kafin fita fili a rubuta a takarda ɗaya wa zai jagoranci wace maƙala, sunan wa zai zo farko, wa ke da ikon amfani da bayanan. Aikin haɗin fannoni na da wannan ciwo: kwamitin ƙarin girma ya fi gane maƙalar da ta fito a mujallar fanninka, ƙaramin malami kuma shi ya fi shan rana, shi ya fi saurin zamewa zuwa suna na biyar. Kobo na ba da damar raba izini, wani ya tura kawai, wani ya gani, wani ya gyara. Amma izinin manhaja ba ya maye yarjejeniyar da aka sa wa hannu.

Mutanen da aka tambaya

Babu maɓalli a Kobo da ke mayar wa ƙauye da sakamako. Bayanai hanya ɗaya suke bi, daga ƙauye zuwa birni. A wuraren da ayyukan Babbar Katangar Itatuwa, wato dashen itatuwa don tare hamada, da shirin farfaɗo da busassun ƙasashen noma na ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 da aka amince da shi a 2021, da ƙungiyoyin agaji suka sha shiga, mutane sun gaji da tambaya, kuma sun koyi cewa mai waya a hannu yana rubuta sunaye wataƙila tallafi ya kawo. Sai amfanin gona ya ragu a baki, iyali su ƙaru. Don haka tambayar farko ta fom ta zama ta neman yarda, a karanta da baki, a ciki a faɗa ƙarara: wannan ba rajistar tallafi ba ce, ga minti nawa za a ɗauka, kana da ikon tsayawa. A ɗaure sauran fom ɗin duka a kan amsar, in ya ce a'a ya rufe. A bi ta uban ƙasa da hakimi da mai unguwa, a gaida Sarkin Noma, in akwai rugage a nemi Arɗo, amma kada a bar su su zaɓi gidajen da za a shiga. Sannan a kasafin a ware kuɗin komawa: kwana ɗaya a kowane ƙauye, da shafi ɗaya na Hausa, boko ko ajami, da sakamakon gwajin ƙasar kowane manomi a hannunsa. Lambar QR ɗin nan ce za ta sa hakan ya yiwu.

Batun tsaro ya fi komai nauyi, kuma a nan sauƙin Kobo haɗari ne. Fom ɗin da ya haɗa sunan mutum, lambar wayarsa, yawan shanunsa, da daidai wurin da gidansa yake a taswira, in wayar ta faɗa hannun 'yan bindiga a hanyar gabashin jihar, jerin waɗanda za a nema ne aka miƙa musu. In nazarin ba ya buƙatar wurin gida, a ɗauki tsakiyar ƙauye kawai. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da ƙasa, DHS, da gangan yake gusar da wuraren da ya wallafa har kilomita 2 a birni, galibi har 5 a karkara. Sunaye su zauna a wata takarda daban mai lamba, ba a cikin fom ba. A kunna saitin da ke goge fom daga waya da zarar ya tafi, a sa makulli a allon kowace waya.

Ma'ajin Kobo biyu ne, na duniya baki ɗaya da na Tarayyar Turai, duka a wajen Najeriya, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta yi magana kan fitar da bayanan mutane waje. Kwamitin ɗa'ar bincike zai so ya ga an ambaci wannan a takardar neman izini. Akwai damar kulle amsoshi da mabuɗin sirri tun daga waya. Farashinsa shi ne shafin Kobo ba zai iya nuna tebur ko taswira ba, sai an sauke an buɗe da manhajar ODK Briefcase a kwamfuta, wato duba aikin kowane dare zai ƙara wahala. Mabuɗin buɗewar kuma a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a hannun mai bincike, ɗaya a hannun malamin da ke duba aikin, don in ya ɓace, su kansu masu Kobo ba su da hanyar buɗe amsoshin.